Kai Yara Yawon Hutu: Kada Kuɗin Otal Ya Cinye Mana Jari

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon shi ne wata hira da muka yi a tashar mota ta nan Ɗan Issa da wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da kayan yara, wadda ta dawo daga Kano da ƴaƴanta huɗu bayan ta kai su yawon Sallah. Na yi mata barka da zuwa, na tambaye ta ya hanya, sai ta girgiza kai ta ce yara dai sun ga zaki sun ga jimina sun hau lilo, amma ita abin da ta gani shi ne ƙarshen jakarta. Da na bi ba'asi, sai na tarar ba kuɗin shiga gidan namun daji ne ya karya ta ba, ba kuma kuɗin mota ba ne. Masauki ne. Wani yaro ne ya tare su a tasha ya ce zai kai su otal mai araha, ya kai su can bayan gari inda babu ruwa babu wuta, suka kwana sauro na cizon yara, washegari ba shiri ta koma wani wurin da ya ninka na farko tsada, kuma na farkon ya ƙi mayar mata da kuɗin kwana biyun da ta riga ta biya. Ƙarshenta sai da ta taɓa kuɗin da ta ware don sarin kaya a Kantin Kwari, ta dawo da rabin abin da ta saba kawowa.

Wannan labari ba nata ba ne ita kaɗai. Duk wanda yake zaune a wannan gari namu na kan iyaka ya san cewa a ƴan shekarun nan kai yara yawon buɗe ido ya fara zama al'ada, ba a gidajen ma'aikata kaɗai ba, har da gidajen ƴan kasuwa. Yara suna gani a wayoyin iyayensu yadda ƴaƴan wasu ke hawa lilo da jirgin wasa da motocin yara a birane, su ma sai su tasa iyaye gaba da roƙo. To, ni a nawa ra'ayin wannan ba abin ƙi ba ne. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke tafiyar ido rufe, mu da muka fi kowa iya lissafi a kasuwa.

Bari in fara da masu cewa tafiyar ma gaba ɗaya almubazzaranci ce. Na ji dattawa da dama suna faɗin haka, kuma ban raina maganarsu ba, domin a lokacin da hatsi ke tsada, wanda bai cika rumbunsa ba bai kamata ya tafi kallon kura ba. Amma mai hali da ya sauke nauyin gidansa, ya biya kuɗin makaranta, babu laifi ya nuna wa ƴaƴansa duniya. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Yaron da aka kai gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa tun 1959, ya ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a hamadar ƙasarmu, ya ga ragowar itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973, ya ga dorina da zaki da idonsa, ba zai koma aji daidai da wanda bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba. Haka wanda aka kai gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, aka hau da shi Dutsen Dala, aka shiga da shi Gidan Makama da kasuwar Kurmi. Ko a nan kusa, Katsina tana da hasumiyar Gobarau, Daura tana da rijiyar Kusugu. Duk wannan karatu ne. Saboda haka tambayar ba ita ce a je ko kada a je ba. Tambayar ita ce a je ta yaya, a kuma kwana ina.

Masauki shi ne ramin da kuɗin tafiya ke zurarewa. Kuɗin mota sau biyu ake biya, zuwa da dawowa. Kuɗin shiga filin wasa sau ɗaya ne ko biyu. Amma ɗaki kullum sai an biya, kuma shi ne ke yanke hukuncin nawa za a kashe a kan abinci da zirga-zirga cikin gari. Wannan ba a ƙasashenmu kaɗai ba ne. Hatta a Amurka, inda aka buɗe shahararren filin wasan nan na Disneyland a 1955, da Faransa inda aka buɗe irinsa kusa da birnin Paris a 1992, babban abin da iyalai ke ciwon kai a kansa shi ne ɗakin kwana, domin otal-otal ɗin da ke bakin ƙofar filin sun fi tsada nesa ba kusa ba. Alhazanmu ma sun san wannan: masaukin da ke daf da Harami ba kuɗinsa ɗaya da wanda sai an shiga mota ba.

Kuskure na farko da muke yi shi ne tambayar kuɗin ɗaki kawai. Ke Hajiya da kike sarin kaya a Kano, ai ba kuɗin bandir kaɗai kike lissafawa ba. Kina haɗawa da dako, da kuɗin mota, da na duwan, da faɗuwar canji, kafin ki san nawa kaya suka tsaya miki a rumfa. To haka ɗakin otal yake. Bari mu yi misali kawai, ba wai farashin wani wuri nake faɗa ba. A ce ga ɗaki a bayan gari a kan jika 8 kowane dare, ga wani kuma cikin gari kusa da inda za a kai yara a kan jika 12. Kwana uku a na farko jika 24 ne, a na biyu kuwa 36. Kowa zai ce na farko ya fi sauƙi. Amma mutum shida ba za su shiga Adaidaita Sahu ɗaya su sake ba, kuma tun 2013 aka hana ƴan acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, don haka kada a sa rai da kabu-kabu irin namu. In zuwa da dawowa da fita neman abinci suka ci jika 5 a yini, kwana uku 15 ke nan. In babu ruwa a famfo sai an saya wurin ƴan garuwa, a ƙara jika 1 kullum. Jimla 42. Shi kuwa na cikin gari, in zirga-zirgarsa ba ta wuce jika 1 a yini ba, ya tsaya a 39. Ka ga mai arahar ya zama mai tsada, ban da gajiya da ɓata lokaci a cunkoson motoci da yara suna kuka. Ba banza ba aka ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Sai dai kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a je a kama ɗakin da ke manne da ƙofar filin wasa ko babban otal mai hawa-hawa ba. Waɗannan su ne ke fara cika ranar Sallah, su ne kuma ke fara ɗaga farashi. Abin da ya fi dacewa da mai matsakaicin ƙarfi shi ne ya nemi unguwar mutane wadda take kan babbar hanya, inda mota ɗaya za ta kai shi wurin wasan ba sai an sauya ba, inda kuma akwai masu tuwo da masu shayi da kantin magani a kusa. Yawancin sa'o'in yini a waje za a yi su. Don me za ka biya kuɗin kwamin wanka da babban falo da ba za ka zauna a ciki ba? Abin da iyali ke buƙata bai wuce ɗaki mai tsabta, ƙofa mai kulluwa, ruwa, fanka mai aiki da kwanciyar hankali ba.

Abu na biyu, kada a yi cinikin biri a sama. Babu macen kasuwar da za ta biya kuɗin buhun wake ba ta zura hannu ta duba ko ƙwari sun ci ba. To me ya sa za ki miƙa kuɗin kwana uku a teburin karɓar baƙi ba ki ga ɗakin ba? Ki ce a ba ki makulli ki gani. Ki ɗaga zanin gado ki duba bakin katifa, kada ki biya kuɗinki ki sayi kuɗin cizo, ki kuma kwaso su cikin kayan yara zuwa gida. Ki murɗa famfo, ki leƙa ban ɗaki, ki kunna fanka. Ki tambaya ƙarfe nawa ake tada janareta in an ɗauke wuta, ƙarfe nawa ake kashewa, domin akwai wuraren da sha biyun dare na yi suke kashewa, a watannin bazara kuwa ɗakin da ba iska tanda ne. Ki duba inda aka ajiye janaretan: in a gindin tagar ɗakin yake, ki nemi wani ɗakin, domin hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farga ba. Ki duba tagogi ko da raga, kuma ko da akwai, a tafi da gidan sauro daga gida, musamman da yake babban hutun makarantunmu yana faɗowa cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Kuɗin asibiti na yaro ɗaya ya isa ya cinye duk rangwamen da aka samu. In bene ne, a duba ƙarfen baranda ko yaro zai iya zurawa, a kuma san ta ina za a fita in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye.

Sannan a biya na dare ɗaya tukuna. In wuri ya yi, da safe a ƙara. Wannan kaɗai da baiwar Allahn da na ba da labarinta ta yi, da ba ta yi asarar kuɗin kwana biyu ba.

Abu na uku shi ne a yi ciniki, a kuma gama magana tun a farko. Ban san dalilin da ya sa ɗan kasuwar da zai yi rabin awa yana jayayya a kan dala goma a kasuwa, in ya shiga otal ya ga tayil da madubi sai kunya ta kama shi ba. Ɗakin da ya kwana babu kowa kamar tumatirin da ya kwana ne, mai otal ba zai sake sayar da daren jiya ba. Saboda haka in ba ranar cunkoso ba ce, kuma za ka yi kwana biyu ko uku, ko za ka kama ɗaki biyu, ka nemi ragi ba tare da jin nauyi ba. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji, domin a Najeriya akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa tun 2020, wasu manyan wuraren kuma su ƙara da kuɗin hidima. Ka tambaya mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki, nawa ne ƙarin katifa, ko akwai karin kumallo, kuma ƙarfe nawa ake sakin ɗaki. Galibi sha biyun rana ne, in ka wuce sai a ce ka shiga sabon kwana. A ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan wurin da adadin kuɗi. Magana ta baka a garin da ba ka da kowa ba ta da shaida.

A nan akwai wani abu da masu lissafin araha ke mantawa. Ƴaƴa in sun fara girma ba a cusa maza da mata a gado ɗaya don a rage kuɗi. Tarbiyyar da muke yi a gida ba a ajiye ta a kan iyaka. In akwai samari da ƴan mata a tafiyar, ɗaki biyu ya zama dole, kuma tun daga gida ya kamata a sa shi cikin lissafi. Dabarar da na ga wasu mata suna yi, wadda ta burge ni, ita ce iyali biyu ko uku su haɗa tafiya: iyaye mata da ƴan mata da ƙananan yara ɗaki guda babba, samari da wani babba namiji ɗaki guda, a raba kuɗin. Ga sauƙi, ga rufin asiri, ga masu taya kula da yara a cikin taro.

Abu na huɗu, a yi hattara da yaran tasha da kuma hotunan waya. Yaron da ya tare ka a tashar Ƙofar Ruwa ko wata tasha ya ce zai kai ka masauki, ba don Allah kaɗai yake yi ba, kamashonsa na cikin kuɗin da za a caje ka, kuma inda ya fi samu zai kai ka, ba inda ya fi maka ba. Haka kuma hotunan da ake sakawa a Facebook da TikTok da WhatsApp, wasu na ɗaki ɗaya ne da aka gyara don hoto, wasu ma na wani wurin ne daban. Akwai ƴan damfara da ke buɗe shafi da sunan otal, su ce a turo kafin alƙalami don a riƙe ɗaki, kana turawa su kashe waya. Yanzu tura kuɗi ya yi sauƙi, ga Nita da Amana a wajenmu, ga OPay da Moniepoint a Najeriya, amma sauƙin tura kuɗi bai zo da sauƙin dawo da su ba. Mu ƴan kasuwa muna da abin da ya fi intanet: kowannenmu yana da wanda yake sarin kaya a wurinsa a Kwari ko Singa ko Wambai, yana da ɗan canjinsa a Wapa, yana da direban da ya saba da shi. Ka buga wa ɗayansu waya mako guda kafin tafiya, ka ce ya tura yaro ya duba maka wuri da idonsa. Matambayi ba ya ɓata.

Ai wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake da suke bin zango-zango, in sun isa gari wurin fatoma suke sauka, shi ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tsaya musu in wata magana ta taso. Unguwar Fagge a Kano ta daɗe tana karɓar baƙi ƴan kasuwa daga arewa, har da Buzaye da Larabawa. Abin da fatoma ke sayarwa ba ɗaki ba ne kawai, amana ce. Otal ya gaji ɗakin amma ba kowanne ne ya gaji amanar ba, shi ya sa sai an bincika.

Wani zai ce, to duk me ya kawo wannan wahala, ba ga ƴan uwa ba? Wane ne a Ɗan Issa ba shi da dangi a Jibiya ko Katsina ko Kano? Gaskiya ne, kuma zumunci a ƙafa yake. In tafiyar ta kwana ɗaya ce, kuma gidan yana da sarari, sauka wurin ɗan uwa ya fi komai. Amma mu ji tsoron Allah mu duba halin da mutanen birni ke ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi, magidanta da yawa da ƙyar suke ciyar da nasu ƴaƴan. Mutumin da ke haya a ɗaki biyu, ka dira masa da mutum bakwai babu sanarwa, ka yi kwana biyar, ka ce ka samu masauki kyauta? Ba kyauta ba ne, wani ne ya biya, kuma da kunya ya biya. Baƙo raɓa ne. In za a sauka wurin dangi, a sanar da su tun da wuri, a tafi musu da gero ko wake ko man gyaɗa, a sa hannu a cefane, a kuma taƙaita kwana. In an lissafa tsarabar da ta dace da abin da za a raba wa yaran gida, wani lokaci sai ka ga ɗan madaidaicin gidan baƙi ya fi sauƙi, zumuncin kuma ya fi tsawon rai in ziyarar yini aka kai.

Akwai kuma masu cewa otal ba wurin mutanen kirki ba ne, balle matar aure da ƴaƴa. Wannan tsoro yana da tushe, domin akwai wuraren da ba don matafiya aka buɗe su ba, kuma abin takaici su ne suka fi araha. Amma gane su ba wuya. In ka ga ana ba da ɗaki na awa ɗaya ko biyu, ko akwai mashaya da kiɗa a harabar, ko ba a tambayar sunan kowa a rubuta a littafi, to ka ja ƴaƴanka ku yi gaba ko da kyauta ne. Irin waɗannan wuraren ne jami'an tsaro, da ƴan Hisba a jihohin da suke da ita, kan kai wa samame, kuma babu mai son a tashe shi tsakar dare gaban ƴaƴansa ana tambayarsa abin da ya kawo shi. Wurin kirki kuwa za ka ga mai gadi a ƙofa, ana neman katin shaida, akwai wurin salla, kuma za ka ga wasu iyalan suna shiga da fita. Zai fi kyau a isa gari da rana tsaka don a ga unguwa da idon rana. Wanda ya isa da dare, ga gajiya ga yara na gyangyaɗi, duk abin da aka nuna masa zai karɓa. Dama can halin da hanyoyin yankin Jibiya da wasu sassan Madarunfa suka shiga na ƴan bindiga a shekarun nan ya isa ya hana mai hankali tafiyar dare da iyali.

Abu na biyar shi ne lokaci. Kowa so yake ya je ranar Sallah ko washegari, ranar da ɗaki ya fi tsada, layin lilo ya fi tsawo, ƴan sane suka fi yawa, yara kuma suka fi ɓata cikin taro. Zaki dai yana nan ranar Talatar da ba Sallah ba. Mu ƴan kasuwa ma kwanakin Sallah lokacin ciniki ne, don me za mu rufe rumfa a lokacin samu mu je mu kashe a lokacin tsada? In an bari kwana huɗu ko biyar suka wuce, ko aka zaɓi tsakiyar mako cikin hutun makaranta, za a samu ɗaki da sauƙi, mai otal ma zai saurari tayi. Wanda kuma hawan Sallah ne ya kai shi, ya tabbatar za a yi kafin ya biya komai. Hawan Kano sananne ne a duniya, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ake tattali a watan Disamba na 2024, amma a 2024 da 2025 an ga yadda ƴan sanda suka dakatar da hawan saboda rikicin masarauta. Wanda ya riga ya biya ɗaki don kallon Hawan Daushe a irin wannan shekara, wa zai mayar masa?

Mu mutanen kan iyaka muna da wani darasin da ya fi wannan. Mun ga an rufe iyakar Najeriya a watan Agusta na 2019, kuma ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai a 2022. Mun sake ganin an rufe bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yulin 2023, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A watan Janairu na 2025 ƙasarmu ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO. Duk wannan yana koya mana cewa ba a biyan kuɗi masu yawa tun da wuri a ƙetaren iyaka, kuma kafin a ɗauki hanya a tambayi direbobi da jami'an kan iyaka irin takardun da ake nema a lokacin. A riƙe katin ɗan ƙasa, da takardun haihuwar yara, da katin rigakafi. Mace in za ta ƙetare da yara ba tare da mahaifinsu ba, ko da ƴaƴan ƴar uwarta, ta nemi shaidar yardar iyayen, domin ana sa ido sosai a kan fataucin yara. Canji kuma a yi shi wurin wanda aka sani, ba a teburin otal ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, wato jari. Ƴar uwa, kuɗin da ke cikin lalitarki ba duka ne naki ba. Akwai uwar kuɗi, akwai na masu ba ki kaya bashi, akwai zubin adashi. Riba ce kaɗai taki, kuma daga cikinta ake yawon hutu. Da yawa suna haɗa tafiyar yara da tafiyar sari don a rage kuɗin mota, wannan dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi: a fara zuwa kasuwa a sayi kaya a ba da su a ɗaure, sannan a kai yara wasa da abin da ya rage. Wadda ta fara da filin wasa da kuɗin sari a jiki, ga yara suna nuna wannan suna nuna wancan, ga ɓarayi a cikin taro, to ta sa jarinta a bakin kura. Kuma kada a ci bashi don yawon hutu, kada a yi gasa da maƙwabciya don ta saka hoton ƴaƴanta a babban otal. Daidai ruwa daidai tsaki.

Hanyar da ta fi ita ce tanadi tun da wuri. A wannan jiha tamu ta Maraɗi ne aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a 1991, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matan da suka koya wa duniya tara kuɗi da kaɗan-kaɗan ba za su kasa tara na hutun ƴaƴansu ba. Wadda ta riƙa ajiye dala 100 kowane mako, kafin shekara ta zagayo tana da jika 26. Wadda ta ninka tana da 52. A ƙayyade abin da za a kashe tun daga gida, a raba shi kashi-kashi: na mota, na ɗaki, na abinci, na wasa, sannan a ɓoye wani abu na ko-ta-kwana wanda ba za a taɓa ba sai ciwo ko lalacewar mota. A tafi da guzuri, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo, soyayyar fara ga mai so, domin abincin cikin otal da na cikin filin wasa kuɗinsa ba na mutane ba ne. Ruwan sha kuwa kada a yi masa rowa, a sayi mai tsabta.

A ƙarshe ina da kira ga hukumominmu da masu hannu da shuni na wannan yanki. Otal mafi araha shi ne ɗakin mutum na gidansa. Ga tafkin Madarunfa nan kusa da mu, da dajinsa da tsuntsayensa da kaburburan waliyyai 99, wurin da ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO tun 2006. Daga Ɗan Issa mutum zai je da safe ya dawo kafin magariba. Da za a samu masu zuba jari su yi wurin zama mai inuwa, da makewayi mai tsabta, da ƴan lilo, da jiragen ruwa masu rigunan kariya, a kuma tabbatar da tsaro, da kuɗin da muke kaiwa wasu garuruwa sun tsaya a nan, matanmu masu abinci su samu ciniki, samarinmu su samu aiki. Ana kuma aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara zuwa, ba mu kaɗai za mu riƙa zuwa Kano ba, su ma za su zo. In sun zo da iyalansu, ina za mu sauke su? Masu gidajen baƙi na Maraɗi da kewaye su fara tunanin ɗakunan iyali masu sauƙin kuɗi, su rubuta farashi a fili a manna a bango, su riƙa ba da rasit. Wanda ya riƙe amanar ɗan kasuwa ɗaya ya samu kasuwa guda, domin labari a rumfuna ya fi rediyo saurin yaɗuwa.

Ita dai baiwar Allahn nan ta ce baɗi in Allah ya kai mu za ta sake kai su, amma sai ta fara gama sarinta, kuma sai ta ga katifa da idonta kafin ta buɗe jaka. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu.